Banɗakin ƙafa huɗu da biyar: na tsuguno, na zama, ko na jikin bango?

A tsoffin unguwannin Katsina, irin su Ƙofar Marusa, Ƙofar Soro da Rafin Daɗi, fili ya ƙare tun zamanin kakanni. Idan saurayi zai ajiye amarya, ko tsohuwa ta kai lokacin da fita tsakar gida cikin dare ya zame mata wahala, abin da ake yi shi ne a yanki kusurwar ɗaki, a ta da bulo, a fitar da banɗaki. Haka ma masu gina ɗakunan haya saboda ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Kwalejin Hassan Usman suke yi, kowane ɗaki da ɗan banɗakinsa. Girman da aka fi samu shi ne ƙafa 4 da ƙafa 5, wato kusan santimita 120 da 150. A cikin wannan ɗan wuri ake son a kama ruwa, a yi wanka, a yi alwala, wani lokacin har a ɗauraye kayan jariri.

Bara na fitar wa mahaifiyata irin wannan banɗaki, na yi mako uku ina zarya tsakanin shagunan kayan gini da masu aikin famfo. Abin da na tattara ke nan ga wanda ya tsaya a tsakiya, bai san wane irin masai zai ɗauka ba.

Abubuwan da za a auna kafin a je shago

Na farko awo, kuma ba awon bulo tsirara ba. Filasta da tayil suna cin kusan santimita 3 a kowane bango, saboda haka ɗakin da magini ya ce maka ƙafa 4 ne, idan an gama zai dawo kamar santimita 115. Mai zama a kan masai yana buƙatar aƙalla santimita 55 zuwa 60 a gabansa don gwiwa da miƙewa, da faɗin da bai gaza santimita 70 ba don kafaɗa da ajiye buta. Duk abin da ya rage bayan wannan shi ne wurin wanka.

Na biyu ruwa. Garin Katsina ya daɗe yana dogaro da madatsar Ajiwa, amma gidaje da yawa rijiyar burtsatse ce ko kurar 'yan garuwa ke riƙe da su. Ga lissafi mai sauƙi. Gida mai mutum 6, kowa ya kora ruwa sau 5 a yini, masai mai cin lita 6 zai sha lita 180, fiye da jarka 7 masu cin lita 25. Idan na tsuguno ne da ake korawa da lita 2 ko 3, abin bai wuce lita 90 ba. Wanda ke sayen ruwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san bambancin a aljihunsa.

Na uku, wa zai shiga? Matashi mai shekara 25 da dattijuwa mai ciwon gwiwa ba buƙatarsu ɗaya ba. Mai juna biyu, wanda aka yi wa tiyata, da mai jiki sosai, duk suna shan wahalar tsuguno. Ƙananan yara kuma sukan ji tsoron na zama, ko su taka shi da ƙafa.

Na huɗu inda bututun sokawe ya fito. Bututu ne mai inci 4, kuma ko ta ƙasa ya ɓullo ko ta bango. Masu shago suna kiran masai mai zubarwa ta ƙasa mai S, mai zubarwa ta bango kuma mai P. Idan ginin ya riga ya tsaya, wannan bututun shi ke zaɓar maka, sai dai idan ka shirya fasa daɓe.

Na biyar alƙibla. Daga Katsina alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata arewa. Malaman Malikiyya sun yi sauƙi idan cikin gini ne, amma yawancinmu hankalinmu ya fi kwanciya idan mai zama ya fuskanci kudu ko arewa. A babban banɗaki wannan ba komai ba ne. A ƙarami kuwa yana iya tilasta ka ka jingina masai da bangon da zai bar maka gajeren tsawo a gaba, sai batun awo ya ƙara tsananta.

Sai kuɗi, ƙarko, da samun kayan gyara. Farashi yana bin dala, na yau daban na jibi daban, don haka zan riƙa faɗin wanda ya fi wani tsada ne kawai. Idan ka je taya, ka ce a ba ka kuɗin komai a haɗe: kasko, tanki, kayan cikin tanki, marfi, kusoshi, roba mai haɗa bututu, da kuɗin aiki. Sau da yawa abin da aka yi maka araha a kai, a kayan haɗi ake fanshewa.

Na tsuguno

Shi ne muka gada, sai dai yanzu kaskon tangaran ne maimakon bakin rami. Tsawonsa kamar santimita 50 zuwa 60, faɗinsa 40 zuwa 45, amma da yake a shafe yake da ƙasa, ba ya tare ido kuma ba ya tare gwiwar mai wanka. A ɗakin ƙafa 4 da 5 babu wanda ya kai shi sakin wuri. Shi ne mafi araha da nisa, kuma idan ba a sa masa tanki ba, babu abin da zai lalace: ba marfi, ba roba, ba maɓalli. Bokiti da buta sun wadatar. Mai son tanki yana iya ɗaura na roba a sama da kai, ruwan ya sauko da ƙarfi ta siririn bututu, tankin kuma bai ci ko taku ɗaya na ƙasa ba.

Inda ake kuskure wurin girkawa ne. Ƙarƙashin kaskon akwai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa don toshe wari, kuma tana son zurfin kusan santimita 25 zuwa 30. A ƙasa ana haƙawa. A bene kuwa, idan ba a saukar da daɓen wurin tun lokacin zuba kankare ba, dole a ta da dakali, dakali kuma a ɗan ƙaramin banɗaki abin tuntuɓe ne, musamman da dare idan an ɗauke wuta. Wasu masu aiki suna cire lanƙwasar gaba ɗaya su haɗa kai tsaye don sauƙi. Kada ka yarda. Wari da kyankyaso za su zame maka maƙwabta, kuma ɗakin kwana na nan bayan ƙofa.

Kuskure na biyu shi ne a karkata daɓe duka zuwa bakin masai, a ce ruwan wanka ya bi ta nan. Ana samun sauƙin aiki, amma sokawe zai riƙa cika da wuri, kuɗin motar kwasa kuma ba kaɗan ba ne. A yi wa ruwan wanka tasa magudanar daban. A kuma zaɓi kasko mai zane-zane a wurin taka ƙafa, domin tangaran mai santsi da kumfar sabulu haɗari ne.

Akwai ɗan'uwansa na roba mai suna SATO, na kamfanin LIXIL na Japan. Yana da ɗan marfi a ƙasa da ke buɗewa idan an zuba ruwa, ya koma ya rufe da kansa, kuma ruwan da yake ci bai kai lita ɗaya ba. An yi shi ne don a ɗora a bakin rami, saboda haka ya fi dacewa da bayin tsakar gida, ko gidan da ba a yi sokawe ba tukuna. Ga banɗakin cikin ɗaki, na tangaran mai lanƙwasa ya fi.

Na zama irin wanda aka saba

Wannan shi ne mai tanki a manne a bayansa, wanda za ka gani jere a ƙofar kowane shago, da sunaye irin su Twyford da Ideal Standard. Daga bango zuwa bakinsa yakan kai santimita 68 zuwa 72. Idan ka jingina shi ta tsawon ɗakin, abin da zai rage maka a gaba kamar santimita 75 ne, nan ne kuma wurin wankan. Idan ta faɗin ne, santimita 45 kawai za su rage, gwiwa na gogar bango. Kuɗinsa matsakaici ne, kowane mai aikin famfo ya iya haɗa shi, kayan cikinsa kuma ana samu ko'ina. Amma a ɗakin da muke magana a kai, yana cinye kusan rabin wurin. Ba na ba da shawararsa sai idan banɗakin ya kai ƙafa 6 a tsawo.

Na zama gajere

Sura ɗaya da na sama, sai dai an rage tsawon zuwa santimita 60 ko 62, tankin kuma siriri ne. Santimita 8 ko 10 kamar ba komai ba ne a baki, amma a ciki su ne bambancin a sunkuya a wanke ƙafa cikin natsuwa da a riƙa buga goshi da bango. Shi na saya wa Inna.

Ranar da aka kawo shi ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, wannan abin zai ɗauke ni kuwa?" Na ce, "Inna, zauna ki gwada kafin a ɗaure." Muka ajiye shi a tsakar ɗaki, ta dafa kafaɗata ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Tsayinsa santimita 40 ne daga ƙasa, sai muka ga miƙewar tana yi mata nauyi. Na mayar na canzo mai ɗan ƙarin tsayi, na kuma sa aka kafa ƙarfen dafawa a bangon damarta. Duk mai saya wa dattijo, ya yi wannan gwajin. Minti biyar ne, kuma ya fi duk bayanin mai shago.

Tuntuɓen da na yi a wurin bututu ne. Mai aikin ya auna nisan bututun ƙasa daga bulo tsirara, kafin a yi filasta. Da aka gama tayil, bangon ya matso da santimita 3, bakin masai ya ƙi hawa kan bututun. Sai da aka fasa tayil huɗu aka sa gwiwar bututu mai karkata. Masu S suna zuwa da nisa daban-daban, waɗanda aka fi gani su ne santimita 25 da 30 daga bango zuwa tsakiyar bututu. Hanya mafi aminci ita ce a sayi masai tun kafin a binne bututu, a ajiye shi a wurin, a yi awo da shi, a kuma lissafa kaurin filasta da tayil.

Kuɗinsa ya ɗan ɗara na wanda aka saba, kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba. Ka tafi da tef ɗinka ka auna da hannunka, don wani mai shagon duk abin da ke gabansa zai ce maka ƙarami ne. Ka nemi mai maɓalli biyu, na lita 3 da na lita 6. Idan ruwan famfo ya ɗauke, ana iya kora shi da bokiti, amma sai an sheƙa lita 4 zuwa 6 a lokaci ɗaya. Rauninsa kayan cikin tanki ne. Ruwan burtsatse yakan zo da yashi, yashin ya maƙale a robar da ke tsayar da ruwa, sai ruwa ya riƙa silalewa shiru cikin kasko, ka wayi gari tankin sama ya ƙafe. Ƙaramin matacin ruwa a bakin bututu da makunnin rufewa a gefen masai suna maganin wannan, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Marfinsa ma abin dubawa ne: tunda gajere ne, marfin da aka saba ba ya hawa daidai. Idan da hali ka sayi biyu tun farko ka ajiye ɗaya.

Na kusurwa

Tankinsa mai kusurwa uku ne, yana shigewa lungu, kaskon ya fuskanci tsakiyar ɗaki a karkace. Yana da amfani a banɗaki mai tsawo da faɗi kusan ɗaya, ko inda ƙofa ta hana a yi amfani da bango. Amma ba ya rage tsawo kamar yadda ake zato, kuma samunsa sai an yi oda daga Kano, Abuja ko Legas. Idan tankin ya fashe, samun irinsa aiki ne. Karkatarsa kuma tana rikita lissafin alƙibla. Sai wanda siffar ɗakinsa ta tilasta masa.

Na jikin bango

Wannan ne ke ɗaukar ido a otal-otal da sababbin gidajen GRA. Kaskon a rataye yake, ba ya taɓa ƙasa, tankin yana ɓoye cikin bango, abin da ake gani faifan dannawa ne kawai. Wanke ƙasa da shi daɗi, tsintsiya da ruwa suna wucewa ta ƙarƙashi, ana kuma iya ɗaga shi daidai tsayin mai amfani. Ƙarfen da ke riƙe da shi, idan na kirki ne irin na Geberit ko Grohe, an yi shi ya ɗauki nauyin kilo 400, don haka tsoron ya ɓalle da mutum ba shi ne matsalar ba, muddin an kafa shi yadda ya kamata.

Sai dai a yi lissafin wurin da gaskiya. Kaskon yakan fito santimita 49 zuwa 55, amma tankin da ƙarfensa suna son kauri na santimita 8 zuwa 15. Idan aka gina musu akwati a gaban bango, jimilla ta koma 60 da wani abu, ka dawo inda gajeren na zama yake, da kuɗi ninki-ninki. Ribar wuri tana samuwa ne idan tankin ya shige cikin bangon kansa. Bulo mai inci 9 yana iya karɓar siririn tanki. Mai inci 6, wanda da shi ake yawan yanka irin waɗannan banɗakuna, idan aka sassaƙe shi ba abin da zai rage. Bangon ƙasa na tsohon gida kuwa kada ma a fara.

Ga kuma ruwa. Tankin da ke cikin bango yana son ruwa mai tsabta da ɗan ƙarfi. Gyaransa ta ramin faifan dannawa ake yi, hannu ɗaya ke shiga, kuma ba kowane mai aikin famfo ne ya taɓa buɗe shi ba. Idan na jabu ne ya fara yoyo a ciki, ba za ka sani ba sai fentin ɗakin kwana ya fara kumbura. Kayan gyaransa kuma wataƙila sai an aika Kano, tafiyar kusan kilomita 170, ko kasuwar Dei-Dei ta Abuja. Shi ne mafi tsada a saye, mafi tsada a aiki. Ina sha'awarsa, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ba shi da tsayayyen ruwa da ƙwararren mai aiki a kusa, ya haƙura.

Mai famfo a kan tanki

A Japan an daɗe ana yin masai da ɗan wurin wanke hannu a saman tankinsa. Idan ka kora, ruwan da zai cika tankin yana fitowa ta famfo, ka wanke hannu, ruwan ya gangara ciki a kora da shi nan gaba. Dabara ce mai kyau ga garin da ruwa ke da tsada, kuma ta haɗa abu biyu a wuri ɗaya. Amma sai ka miƙa hannu ta saman kasko, ruwan yana tsayawa da zarar tanki ya cika, kumfar sabulu tana taruwa a ciki. Uwa uba, mu da muke kurkure baki da shaƙa ruwa sau biyar a yini, ba kowa ne zuciyarsa za ta yarda ya yi haka a saman masai ba. Ya fi dacewa da banɗakin baƙi ko na ofis, inda wanke hannu kawai ake yi.

| Iri | Wurin da yake ci daga bango | Ruwa a kora ɗaya | Kuɗi | Gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Na tsuguno | santimita 50–60, a shafe | lita 2–3 da bokiti | mafi araha | kusan babu | santsi, wahalar gwiwa |
| Na zama da aka saba | 68–72 | lita 6, tsofaffi sun fi haka | matsakaici | mai sauƙi | cinye wuri |
| Na zama gajere | 60–62 | lita 3 ko 6 | ya ɗara matsakaici | mai sauƙi | kuskuren awon bututu |
| Na kusurwa | ya danganta da lungu | lita 3 ko 6 | mai tsada | wahalar samun kaya | fashewar tanki |
| Na jikin bango | 49–55, ban da tanki | lita 3 ko 6 | mafi tsada | sai ƙwararre | yoyo a ɓoye |
| Mai famfo a kai | kamar na zama | yana sake amfani da ruwa | mai tsada | matsakaici | bai dace da alwala ba |

Wurin wanke hannu

Kafin a yi maganar bezin, wato kaskon wanke hannu, a fara da famfon ƙasa. Famfo ɗaya a tsayin gwiwa, kamar santimita 50 zuwa 60 daga daɓe, shi ne ke cika buta, ya cika bokiti, a wanke ƙafa a ƙarƙashinsa. Banɗakin Bahaushe zai rayu ba bezin, amma ba zai rayu ba wannan famfon. Na ga gidajen da aka kashe kuɗi a kan bezin mai kyau aka manta da famfon ƙasa, sai ga mutane suna ɗaga ƙafa suna sawa a cikin bezin wurin alwala. Ba a jima ba kusoshin suka saki.

Bezin mai ƙafa, wanda ake sayarwa tare da masai a matsayin saiti, faɗinsa yakan kai santimita 55 zuwa 60, ya fito kusan 45. A ɗakin ƙafa 4 da 5 ba shi da wurin zama. Idan mai shago ya matsa sai ka ɗauki saiti, ka roƙe shi ya raba, ko ka kai bezin ɗin wani wuri a gidan.

Ƙaramin na jikin bango shi ne zaɓin da na fi yarda da shi: faɗi santimita 40 zuwa 45, fitowa 22 zuwa 30, famfonsa a gefe. Yana da araha, ƙasa kuma a sake take, bokiti na shiga ƙarƙashinsa. A kafa shi a tsayin santimita 80 zuwa 85. Tunda bulonmu mai rami ne, a cika ramin da kankare a daidai inda kusoshi za su shiga, in ba haka ba yaro ɗaya ya rataya ya sauko da shi. Aibinsa fantsama: idan famfon dogo ne ko ruwan da ƙarfi, rigarka za ta sha. Gajeren famfo ya fi.

Na kusurwa yana cin kamar santimita 30 zuwa 35 a kowane bango, kuma yana amfani da lungun da dama ba a komai da shi. Ba shi da kaifin da zai bugi ƙugu. Wanke fuska a cikinsa da ɗan takura, madubi kuma sai an nemi dabara. Idan ƙofa tana tsakiyar bango, shi ne ya fi dacewa.

Mai kabad a ƙasa yana da kyau a hoto, yana kuma ɓoye omo da buroshi. Amma banɗakinmu jiƙaƙƙe ne, wanka da bokiti ake yi, ruwa na taɓa ko'ina. Kabad na katakon da aka matse daga gari yana kumbura cikin 'yan watanni, gara kuma ta samu abinci. In dai dole ne, a nemi na roba ko na alminiyom, a rataye shi sama da ƙasa.

Kowanne ka ɗauka, ka tsaya a kan mai aiki ya sa masa lanƙwasar riƙe ruwa a ƙarƙashi. Da yawa suna zura farar roba mai lanƙwashewa kai tsaye cikin bututu su tafi. Warin da mutane ke ɗora wa masai, sau da yawa daga nan yake fitowa. Lokacin hunturu da bazara kuma, idan banɗaki ya kwana biyu ba a shiga ba, ruwan lanƙwasar yakan ƙafe. Kofi ɗaya na ruwa a magudanar ƙasa da cikin bezin ya isa ya mayar da shi.

Akwai kuma hanyar da mutane ba su cika tunawa ba: a fitar da bezin waje. A kafa shi a bangon da ke gefen ƙofar banɗaki, ta cikin ɗaki ko a baranda, a yi masa tayil kaɗan a baya. Banɗaki ya samu sarari, mai goge baki ba ya jiran mai wanka, wanda ya ci tuwo ya wanke hannu ba sai ya shiga bayi ba. A ɗakin Inna haka muka yi, kuma ta fi kowa jin daɗi, don ta ce dama ba ta son ambaton Allah a inda masai yake.

Ƙofa ma tana cikin lissafi. Mai buɗewa ciki tana share kusan santimita 70 na ƙasa. A juya ta ta buɗe waje, ko a sa mai zamewa. Ban da ribar wuri, idan tsoho ya faɗi a ciki ya tokare ƙofa, mai buɗewa waje ce za ta ba ka damar kai masa agaji. Ta roba ko ta alminiyom ta fi ta katako jure ruwa.

Wurin saye, ka ƙwanƙwasa tangaran da ɗan yatsa. Mai lafiya yana ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga a ɓoye muryarsa a dushe take. Ka zura hannu cikin maƙogwaron kaskon ka ji ko santsin ya kai ciki, don mai kaushi yana riƙe ƙazanta. Ka ajiye shi a daɓen da ba shi da tudu da kwari ka ga ko yana rawa. Suna a jikin kaya ba shaida ba ce, ana buga sunan manyan kamfanoni a kan na jabu.

Wanne ya dace da wa

Mai ɗakunan haya na ɗalibai ko samari: na tsuguno mai lanƙwasa, famfon ƙasa, magudanar wanka daban, ba tanki. Abin da ba a saka ba, ba zai lalace ba, kuma ba za a riƙa kiranka gyara kowane wata ba.

Gidan da ruwansa na 'yan garuwa ne, ko famfo sai an ga dama: na tsuguno, sai fa idan akwai mai larura. Idan akwai, gajeren na zama mai maɓalli biyu, a ajiye bokiti mai marfi a gefe.

Dattijo, mai ciwon gwiwa ko baya, mai juna biyu: gajeren na zama mai ɗan tsayi, ƙarfen dafawa, tayil mai kaushi, ƙofa mai buɗewa waje, bezin a wajen ƙofa, da 'yar kujerar roba don wanka da alwala.

Ango da amarya a cikin gidan gado: idan tsakar gida akwai na tsuguno, ku sa gajeren na zama a ɗaki da ƙaramin bezin na bango ko na kusurwa. Haihuwa na tafe in Allah ya yarda, kuma a lokacin ne za a gode wa na zaman.

Banɗakin baƙi kusa da zaure ko falo, inda ba a wanka: na tsuguno ya fi karɓuwa ga yawancin baƙinmu, da bezin na kusurwa. Mai famfo a kan tanki ma zai yi a nan ga wanda ya same shi.

Mai sabon gini da burtsatse da tankin sama mai tsayi, wanda bai riga ya ta da bangon ba: na jikin bango zai ba ka sararin da babu wanda zai ba ka a cikin na zama. Ka sa magini ya yi wannan bangon da bulo mai inci 9, ka sayi ƙarfe da tanki na asali, ka sa matacin ruwa, ka kuma cika tankin ka bar shi kwana biyu kana dubawa kafin a rufe shi da tayil.